Ra'ayinmu: Maganin farfaɗiya ba kayan tebur ba ne

Duk wanda ya saba cin kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ko babbar kasuwar Garwa, ko kasuwanninmu na bakin iyaka tun daga Gashiga har zuwa Amcide da Fotokol da Kusiri, ya san irin cinikin da za mu ambata. Mace ce za ta zo da tsohon kwali a ƙulle a bakin zane, ta miƙa wa mai teburin magani ta ce, "Malam, irin wannan nake so, na yarona ne mai faɗuwa." Shi kuma ya juya kwalin, ya duba cikin kayansa, in ya samu irinsa ya ba ta, in bai samu ba ya ɗauko mai kama da shi ya ce, "Hajiya, ai duk aikinsu ɗaya." A yanka mata ƙwaya 10 da almakashi, ta biya, ta kama hanyar ƙauye. Ba a tambayi shekarun yaron ba, ba a tambayi nauyinsa ba, balle a gaya mata abin da za ta sa wa ido bayan ya fara sha.

Mun sani cewa akasarin masu wannan ciniki ba da mugun nufi suke yi ba. Da yawa ma gani suke taimako ne, tun da asibiti da nisa kuma hannun talaka bai kai farashin farmasi ba. To amma akwai magungunan da kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa a sayar da su ba, kuma a sahun gaba akwai magungunan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wato na farfaɗiya da na karkarwar jiki da na ciwon jijiya. Kowannensu yana da amfani mai yawa, kowannensu kuma yana da illa, sannan tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da adadin da ke cutarwa ƙanƙanuwa ce. A namu ra'ayin, maganin da yake haka sai a hannun wanda ya san majinyacin, zai kuma sake ganinsa bayan mako biyu ko wata guda. Mai tebur ba ya cikin wannan matsayi, ko da kuwa ya shekara 30 yana sana'ar.

Bari mu fara da girman matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu. Hukumar ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan aka gano ciwon da kyau aka ba su maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun wannan kulawa. Mu nan Arewacin Kamaru ba sai an gaya mana daga ina ciwon ke zuwa ba. Sanƙarau yakan ziyarce mu lokacin zafi, zazzaɓin cizon sauro yana hawa kan yara da damina, mata da yawa na shan doguwar naƙuda a gida, ga haɗarin babur babu hular kwano, ga tsutsar alade a yankunan da ake kiwonsa. Duk waɗannan suna iya barin tabo a ƙwaƙwalwa, tabon kuma ya haifar da faɗuwa daga baya. Farfaɗiya ciwo ne kamar hawan jini ko ciwon sukari, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki.

Maganin da ya fi yawa a hannun jama'armu shi ne fenobabital, wanda a ɓangarenmu aka fi sani da Gardénal. Tun shekarar 1912 ake amfani da shi, kuma har gobe yana ceton rayuka saboda araharsa da kuma kasancewar sau ɗaya ake shansa da dare. Sai dai yana kawo barci da kasala da nauyin kai, ɗalibi ya riƙa gyangyaɗi a aji, karatu ya ƙi zama. A jikin ƙananan yara kuwa sau da yawa akasin haka yake yi: yaron da aka sani da natsuwa ya koma mai ƙiriniya da rigima da rashin barci, iyaye su ɗauka taurin kai ne su hau shi da duka, ko su ce iskoki ne, alhali ƙwayar ce. A wasu manya yana jawo baƙin ciki da janyewa daga mutane. Idan aka haɗa shi da giya ko bilbil ko wata ƙwayar barci, yana iya danne numfashi har mutum ya wuce daga barci.

Na biyu shi ne kabamazefin, wato Tégrétol, wanda ke kawo jiri da ganin abu bibbiyu da tangaɗi, musamman idan aka fara da adadi mai yawa a tashi ɗaya maimakon a riƙa ƙarawa a hankali. Akwai kuma fenitoyin, mai kumbura dasashi da sa gashi ya tsiro a fuska, wanda kuma ƙari kaɗan a kan adadinsa ya isa ya sa mutum tafiya kamar mashayi. Waɗannan illoli masu sauƙi ne idan akwai ma'aikacin lafiya a kusa, domin galibi rage adadi ko sauya lokacin sha ya wadatar. Matsalar ita ce majinyacin da ya saya a tebur ba shi da wanda zai koma wa, saboda haka ɗayan biyu yake yi: ko ya jure har illar ta yi tsanani, ko ya watsar da maganin gaba ɗaya.

Illar da muke so kowane mai karatu ya riƙe ita ce ta fata. Gardénal da Tégrétol da fenitoyin da lamotirijin duk suna iya jawo wani mugun ciwo, yawanci a cikin makonni takwas na farko da fara sha. Yakan fara da zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, daga nan baki da leɓe da al'aura su yi gyambo, fata ta riƙa saɓulewa kamar wanda ya faɗa tafasasshen ruwa. Ba kowa yake kamawa ba, kaɗan ne ƙwarai, amma wanda ya kama yana iya rasa ido ko rai. A ƙauyukanmu ƙyanda ake fara zato, a shafa ƙasa ko man gargajiya, ana kuma ci gaba da ba da ƙwayar da ta jawo abin. Duk wanda ya fara ɗaya daga cikin magungunan nan ya ga ƙuraje tare da zazzaɓi ko gyambon baki, a kai shi asibiti a ranar, kafin a sake ba shi wata ƙwaya, a kuma tafi da kwalin.

Sai babbar magana, wato balfurowet, wanda kowa ya fi sani da Dépakine. Magani ne mai ƙarfi da ke tsayar da nau'o'in farfaɗiya da dama, amma yana sa ƙiba da rawar hannu da zubewar gashi, kuma yana iya lalata hanta, musamman a yara 'yan ƙasa da shekara 3 a cikin watanni shida na farko. Amai da ciwon ciki mai tsanani da kasala da shawara alamu ne da ba a kwana da su a gida. Mafi muni shi ne abin da yake yi wa ɗan da ke ciki. Daga cikin jarirai 100 da uwayensu suka sha shi da juna biyu, kimanin 10 ana haifarsu da nakasa, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya ko tsagaggen leɓe ko ciwon zuciya, sannan 30 zuwa 40 sukan samu jinkirin magana da tafiya da fahimta.

Ba mu muka fara sanin wannan ba. A Faransa, ƙasar da aka fara sayar da maganin a 1967, hukumomin lafiya sun ƙiyasta a 2017 cewa yara tsakanin 2,150 zuwa 4,100 aka haifa da babbar nakasa sanadiyyarsa, a 2018 kuma suka ce tsakanin 16,600 zuwa 30,400 ne suka samu matsalar ƙwaƙwalwa da haɓaka. Iyaye mata suka kai ƙara, gwamnati ta kafa asusun diyya, aka sa hoton gargaɗi a jikin kwali, kuma tun 2018 Tarayyar Turai ta hana a ba budurwa ko matar da ke cikin shekarun haihuwa sai da tsauraran sharuɗɗa. Idan haka ta faru a ƙasar da kowace ƙwaya sai da takardar likita, me muke tsammani a inda amarya za ta aiki ƙaninta ya sayo mata a kasuwa? Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Amma a nan sai mu yi gargaɗi da babbar murya: matar da ke shan Dépakine ta ga tana da ciki kada ta daina da kanta, domin faɗuwa da ciki na iya kashe uwa da ɗa. Ta garzaya asibiti. Wadda ke shirin aure ko haihuwa kuwa ta je tun kafin cikin ya shiga, domin akwai magungunan da suka fi sauƙin haɗari ga mai ciki, kamar lamotirijin da lebetirasetam, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin muhimman magunguna a 2023.

Akwai wata illar da ba a gani da ido, wato karo da wasu magunguna. Gardénal da Tégrétol da fenitoyin suna sa hanta ta riƙa ƙone sauran magunguna da sauri. Saboda haka ƙwayar tazarar haihuwa da ɗan tsinken da ake sawa a dantse suna iya rasa ƙarfi, mace ta samu cikin da ba ta shirya ba. Haka nan wasu magungunan cutar ƙanjamau da maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem suna raunana a jikin mai shan su. Wane mai tebur ne ke tambayar mai saye sauran magungunan da yake sha? Ko ya tambaya, me zai yi da amsar?

Duk da jerin illolin nan, babu abin da ya kai daina shan magani kwatsam haɗari. Ƙwaƙwalwar da ta saba da Gardénal ko Rivotril idan aka yanke mata rana ɗaya, tana iya shiga jijjigar da ba ta tsayawa, wata na bin wata ba tare da mutum ya farfaɗo ba, kuma wannan kisa take yi. Ta hanyoyi uku abin ke faruwa a wurinmu. Na farko, iyali su ga barci ko ƙiriniya su ce maganin bature bai karɓe shi ba. Na biyu, a ga wata uku babu faɗuwa a ce ai ya warke, alhali likita ba ya tunanin janye magani sai an yi aƙalla shekara 2 ba a faɗi ba, kuma a hankali ake janyewa. Na uku, kaya ya yanke. Ba mu manta da yadda rikicin Boko Haram ya kashe kasuwar Banki da Amcide a 2014 ba, ko yadda Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Shinkafa da man fetur in sun yanke a yi haƙuri, amma majinyacin da ya dogara da ƙwayar da ke zuwa ta bayan fage, ranar da hanya ta toshe rayuwarsa ce ke kan siraɗi.

Sannan ko an samu kayan, wa ya tabbatar da abin da ke ciki? A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane magani 10 da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko maras inganci. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan magungunan farfaɗiya a Gabon da Kenya da Madagaska ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na samfuran ba su cika inganci ba, kuma rashin kyakkyawar ajiya na cikin dalilan. Tégrétol da Dépakine ba sa shiri da laima da zafi. To a auna da Garwa, inda zafi ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kwali ya yini a kan tebur cikin rana, ya kwana a shagon kwano, da damina kuma ya tsallaka Binuwai a cikin kwalekwale. Ƙwayar da ta sha wannan wahala kamanninta na nan, amma ƙarfinta ya ragu. Yaro ya ci gaba da faɗuwa, a ƙara masa adadi, ranar da aka sayo mai kyau kuma adadin ya yi masa yawa.

Abin da ya faru a lardin Ituri na ƙasar Kwango, kusa da iyakar Uganda da Sudan ta Kudu, ya isa darasi ga duk mai cin kasuwar iyaka. Daga Disamba 2014 zuwa Agusta 2015 an kwantar da marasa lafiya sama da sau 1,000, da yawansu yara da matasa, wuya ya sanƙare, fuska ta karkace, ido ya kafe sama, harshe ya fito. Da farko an zaci annobar sanƙarau ce. Da likitocin ƙungiyar MSF suka bi diddigi, sai aka gano ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan diyazefam, wato Valium, babu diyazefam a cikinsu, halofiridol ne, maganin taɓin hankali mai ƙarfi. A nan gida Kamaru ma, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar wani jabun maganin hawan jini da aka samu ɗauke da maganin ciwon sukari a cikinsa. Waɗanda suka sayar da waɗannan kaya a matakin ƙarshe ba su suka haɗa su ba, mai yiwuwa ma ba su san jabu ba ne, amma ta hannunsu suka shiga bakin mutane.

Wani abin takaici shi ne, ƙwayoyin da aka yi domin marasa lafiya su ne yanzu suka zama kayan maye a hannun matasanmu. Artane, wanda a Nijeriya ake kira Exol, maganin ciwon karkarwa ne na Fakinsin da kuma sassauta sanƙarewar da magungunan taɓin hankali ke jawowa. Yana busar da baki, yana dusashe gani, yana riƙe fitsari, yana rikita tunani har mutum ya riƙa ganin abin da babu shi, kuma yana rage zufa, wanda a zafin Garwa hanya ce ta bugun rana. Valium da Rivotril, waɗanda ake tsayar da jijjiga da su, suna kama jiki har mutum ya kasa rayuwa ba tare da su ba. Mai tebur ya fi kowa sanin cewa saurayin da ya zo neman Exol da la'asar ba kakansa mai karkarwa ya aiko shi ba.

Ga kuma taramadol, wanda kowa ke kira Tramol. Maganin raɗaɗi ne mai aiki a ƙwaƙwalwa, kuma iyakar abin da likita ke yarda babba ya sha a yini shi ne miligiram 400, a rarrabe. Amma ƙwayoyin da ke yawo a kasuwa akwai mai 120 da 200 da 225 har da 250, kuma 'yan acaba da 'yan dako da masu aikin gonar auduga suna haɗiye biyu ko uku a tashi ɗaya don kada su ji gajiya. Ɗaya daga cikin sanannun illolinsa ita ce jijjiga irin ta farfaɗiya, ko a jikin wanda bai taɓa faɗuwa ba, balle mai ciwon. Yawan shansa a yankinmu ya kai har a 2013 wasu masana daga Faransa da Kamaru suka yi shelar sun gano taramadol a saiwar tafashiya, aka ɗauka bishiyar ce ke samar da shi. A 2014 wasu masanan daga Jamus suka nuna cewa a Jihar Arewa Mai Nisa ake samunsa, inda mutane ke sha suna kuma ɗura wa shanun noma, fitsari ya kai shi cikin ƙasa, saiwa ta tsotsa. Bayan Indiya ta tsaurara dokar fitar da taramadol a 2018, masu fataucin suka sauya salo, inda a Fabrairu 2025 binciken BBC ya fallasa ƙwayoyi irin su Tafrodol, haɗin wasu magunguna biyu masu kama jiki da babu ƙasar da ta amince a haɗa su. Abin da wannan ke nufi shi ne, a teburi guda ana sayar da ƙwayar da ke jawo faɗuwa da wadda ke tsayar da ita, riba biyu daga gida ɗaya.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar 10 ga Agusta 1990 ta keɓe sayar da magani ga masu sana'ar farmasi, dokar 7 ga Agusta 1997 kuma ta tsara sarrafa miyagun ƙwayoyi da magungunan da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Fenobabital da diyazefam suna ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971, a Nijeriya kuma NAFDAC da NDLEA na sa ido a kansu. Amma za mu faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa hukuma daɗi ba: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamen jandarma da ƙona kwalaye a gaban kyamara ba za su kashe teburin magani ba matuƙar uwa za ta je cibiyar lafiya ta ƙauyensu a ce mata babu Gardénal. Idan aka kwashe tebur ba a kawo madadi ba, majinyatan da muka ce daina sha kwatsam na kashe su ne za su fara biya.

Saboda haka kiranmu na farko ga Ma'aikatar Lafiya da hukumar CENAME mai sayo magunguna da asusun bunƙasa lafiya na jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa da Adamawa: a tabbatar fenobabital da kabamazefin ba sa yankewa a kowace cibiyar lafiya, a farashin da talaka zai iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ana iya kula da mai farfaɗiya da maganin da bai wuce dalar Amurka 5 a shekara ba, wato kimanin sefa 3,000. A Mayu 2022 babban taron lafiya na duniya ya amince da shirin shekara 10 kan farfaɗiya da cututtukan jijiyoyi, daga 2022 zuwa 2031, kuma muna son ganin alamarsa a Gider da Poli da Colire, ba a takarda kaɗai ba. Hukumar LANACOME ta riƙa ɗiban samfuri daga kasuwannin Arewa tana aunawa tana kuma sanar da jama'a sakamako da Hausa da Fulfulde a gidajen rediyo. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da tsangayar koyon aikin likita. Ita da babban asibitin jiha su horar da ma'aikatan jinya na karkara yadda ake fara maganin da yadda ake gane illarsa. Ga ma'aikatan lafiya kuma, minti biyar na bayani da harshen da majinyaci ke ji ya fi takarda cike da Faransanci.

Kira na biyu ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyinsu. Ku cire waɗannan ƙwayoyi daga cikin hajarku: Gardénal da Tégrétol da Dépakine da fenitoyin da Valium da Rivotril da Artane da Tramol da danginsa. Ribar da ke cikinsu ba ta kai haƙƙin yaro ɗaya da fatarsa ta saɓule ba, ba ta kuma kai kama kaya da ɗauri ba. Amma kada ku kori uwar da ta zo da kwali hannu rabbana. Ku gaya mata kada ta bari maganin ya yanke ko na kwana ɗaya, ku nuna mata cibiyar lafiya ko farmasi mafi kusa ta je a ranar, in da hali ku taimaka mata da kuɗin babur. Sarakunan kasuwa sun iya tsawata wa mai tauye mudu, kuma sun iya hana ɓarawo zama a layinsu. Idan suka ga dama, wannan ma ba zai gagare su ba.

Kira na uku ga fatake masu ciwon ko masu ɗa mai ciwon, waɗanda ke zirga-zirga tsakanin Garwa da Yola da Mubi da Marwa da Injamena. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tanadi maganin da zai kai ku ya dawo da ku har da ƙarin mako guda, ku riƙe takardar likita a jiki saboda duwan da jandarma, ku ajiye ƙwayar a cikin kwalinta nesa da rana da laima. Ku haddace sunan maganin na asali da adadin miligiram ɗinsa, domin sunan kwali a Nijeriya daban yake da namu. Rashin barcin tafiyar dare na tayar da ciwon. Wanda maganin ke sa shi jiri ko wanda faɗuwarsa ba ta tsaya ba, kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya shiga ruwan Lagdo ko Binuwai shi kaɗai, mace kuma kada a bar ta ita kaɗai a bakin murhu. Mai niyyar azumi ya ga likita tun cikin Sha'aban a daidaita masa lokutan sha.

Kira na ƙarshe ga iyaye da sarakuna da limamai da malaman makaranta. Kunya ce ke kai mutane teburin magani da dare, domin iyali na tsoron a san 'yarsu na faɗuwa ta rasa miji. Ku taimaka a cire wannan kunya. Idan mutum ya faɗi a kasuwa, a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi gefe ɗaya. Kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa kafin ya farfaɗo, a ɗauke shi zuwa asibiti. Wanda ke son haɗawa da addu'a ko maganin gargajiya, ya gaya wa likita abin da yake sha, kuma kada wani ya sa shi ajiye ƙwayarsa.

Matar nan mai kwali a bakin zane za ta dawo kasuwa ranar Lahadi mai zuwa, domin ƙwaya 10 ba ta wuce kwana 10. Abin da mai tebur zai gaya mata a ranar, da abin da za ta tarar idan ta isa cibiyar lafiya, su ne za su nuna ko mun ji. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu.